Morihei Ueshiba: Gajeren manomin Japan da ya mayar da faɗuwa darasi

A filin kokawa, ko a ƙauyukan Jega ne ko na Maiyama, doka ɗaya ce: wanda ya sha ƙasa an kayar da shi. Makaɗa su juya kan wanda ke tsaye, wanda aka kayar kuwa ya karkaɗe jikinsa ya fice. Idan faɗuwar ta zo da tsautsayi, aka samu karaya ko gocewar ƙashi, to a wannan yanki na jihar Kebbi kowa ya san inda za a nufa. Aliero ake nufa, garin da ya yi suna da albasa da kuma masu ɗori.

A Japan an yi wani mutum da ya kafa makarantar da ɗalibi ke shafe rabin lokacinsa yana faɗuwa da gangan, yana tashi, har jikinsa ya saba. Sunansa Morihei Ueshiba, kuma shi ne ya kafa wasan kare kai da ake kira Aikido. Duk wanda ya kalli finafinan Steven Seagal na farko-farko, inda yake murɗe wuyan hannun ƙato ya watsar da shi, to ya ga wani ɓangare na wannan wasa.

Ueshiba ya rasu a 1969. Shekara uku bayan rasuwarsa, dabarun faɗuwar da ya koyar suka ɓulla a wurin da bai taɓa zato ba, wato a tsakanin ɗaliban rawa a Amurka.

Yaro mai laulayi

An haife shi ranar 14 ga Disamban 1883 a yankin Tanabe da ke lardin Wakayama, a gaɓar teku. Mahaifinsa Yoroku manomi ne mai rufin asiri, kuma ɗan majalisar ƙauyensu. Morihei shi kaɗai ne namiji a gidan, ga shi siriri mai yawan laulayi, ya fi son zama da littafi a kan fita wasa.

Uban bai ji daɗin haka ba. Sai ya riƙa tura shi iyo da kokawar gargajiya ta Japan, wadda ake kira Sumo. Masu rubuta tarihinsa sun ce yana yaro ya ga 'yan bangar abokan hamayyar siyasa sun far wa mahaifinsa, kuma wannan ne ya sa masa ƙishirwar ƙarfi.

Ya yi makarantar koyon lissafi da allon ƙirga na katako, mai 'ya'ya kamar na carbi, ya yi aiki a ofishin haraji na ɗan lokaci. Kafin ya cika shekara 20 ya tafi Tokyo ya buɗe shagon kayan rubutu. Kasuwancin bai yi nisa ba, domin cutar beriberi, wadda rashin sinadarin bitamin B1 ke kawowa, ta kwantar da shi, dole ya koma gida. Bayan ya warke ya auri Hatsu Itokawa, wadda ya sani tun suna yara.

A 1903 aka kira shi aikin soja, amma aka mayar da shi gida saboda tsawonsa bai kai ƙafa biyar da inci biyu da ake buƙata ba. Almajiransa suna ba da labarin cewa ya riƙa rataya a reshen bishiya da nauyi ɗaure a ƙafafunsa har ya cike ɗan abin da ya rage. Ya dai samu shiga daga baya, kuma yana soja aka gwabza yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905. A waɗannan shekaru ya ci gaba da koyon tsofaffin dabarun faɗa da hannu da na takobi.

Ƙasar ƙanƙara

A lokacin, gwamnatin Japan na raba filaye ga duk wanda zai iya zuwa ya zauna a tsibirin Hokkaido da ke can arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. A 1912 Ueshiba ya jagoranci mutane fiye da 80 daga garinsu zuwa wani daji da ake kira Shirataki.

Shekarun farko sun zo musu da wahala, domin amfanin gona ya yi ta lalacewa. Sai da suka koma noman na'a-na'a da kiwon shanu da sana'ar katako sannan ƙauyen ya tsaya da ƙafarsa. A 1917 gobara ta cinye ƙauyen, aka sake gini. An kuma zaɓi Ueshiba ɗan majalisar ƙauyen.

A can ne, a 1915, ya haɗu da mutumin da ya sauya masa rayuwa. A wani masauki da ke garin Engaru ya gamu da Sokaku Takeda, malamin salon faɗa na Daito-ryu. Takeda shi ma gajere ne, mai zafin rai, mai yawon gari-gari yana koyarwa ana biyansa. Ueshiba, wanda ke ji da ƙarfinsa a lokacin, ya ga yadda dattijon ke juya shi kamar ba komai ba. Nan take ya zama ɗalibinsa. Daga baya ya kawo shi gidansa, yana yi masa hidima yana ɗaukar karatu.

Mafi yawan murɗe-murɗen gaɓoɓi da jifan da ake gani a Aikido a yau daga wurin Takeda suka samo asali. A 1922 Takeda ya ba shi takardar izinin koyarwa, ko da yake dangantakarsu ta yi sanyi daga baya.

Shekarar rashi

A ƙarshen 1919 aka bugo masa waya cewa mahaifinsa na kwance rai a hannun Allah. Ya bar wa Takeda gidansa da kayansa ya kama hanya. Amma maimakon ya wuce gida kai tsaye, sai ya ratse garin Ayabe da ke kusa da Kyoto, wurin wani shugaban addini mai suna Onisaburo Deguchi, domin neman addu'a ga mahaifin. Kafin ya isa Tanabe uban ya riga ya cika, a farkon Janairun 1920.

Ueshiba ya kwashi iyalinsa ya koma Ayabe, cikin mabiya addinin Omoto da Deguchi ke jagoranta. A wannan shekarar kuma 'ya'yansa maza biyu suka rasu sakamakon rashin lafiya. Uba da 'ya'ya biyu ke nan cikin shekara guda. A 1921 aka haifa masa Kisshomaru, wanda shi ne ya gaje shi.

A Ayabe ya buɗe zauren koyarwarsa na farko, yana noma yana koyar da mabiyan. A 1924 ya bi Deguchi wata tafiya mai haɗari zuwa Mongoliya, inda shugaban ke mafarkin kafa daular addini. Sojojin China suka kama su, aka sa musu mari, har an fitar da su za a harbe. Jami'an jakadancin Japan ne suka sa baki aka mayar da su gida.

Shekara guda bayan haka wani abu ya faru wanda masu Aikido ke ɗauka a matsayin mafarin wasan. Wani hafsan sojan ruwa, gwanin takobi, ya far masa da takobin katako. Ueshiba bai riƙe komai ba, bai kuma rama ba, kaucewa kawai yake yi har hafsan ya gaji ya haƙura. Bayan wannan karawa ne ya fara koyar da cewa manufar wasan faɗa ita ce a kare rai, har da ran wanda ya kawo harin.

Zauren azaba

Labarinsa ya kai kunnen manyan sojoji. Wani babban hafsan sojan ruwa, Isamu Takeshita, ya gayyace shi Tokyo, kuma a 1927 ya tare can da iyalinsa. A 1930 Jigoro Kano, wanda ya kafa Judo, ya je ya kalli yadda yake koyarwa, abin ya burge shi har ya tura masa wasu ɗalibansa, ciki har da Minoru Mochizuki.

A 1931 aka buɗe zaurensa na Kobukan a unguwar Ushigome. Saboda tsananin horon da ake sha a ciki, mutane suka riƙa kiransa zauren azaba. Daga nan aka yaye gwanaye irin su Gozo Shioda.

Labarin da zai fi jan hankalin 'yan kokawa shi ne na Tenryu, wani shahararren ɗan Sumo. A 1939 a Manchuriya, Tenryu ya ga ana ta faɗuwa a gaban wani gajeren dattijo mai shekara 55, ya ɗauka haɗin baki ne. Da aka ba shi dama ya kama hannun dattijon, sai ga shi a ƙasa. Bai yi girman kai ba, ya zama ɗalibinsa.

Sai dai wannan zamani na rayuwar Ueshiba yana da duhunsa. Japan na mamayar maƙwabtanta, shi kuma yana koyarwa a makarantun sojan ƙasa da na ruwa, da ta 'yan sandan soja, da ta Nakano inda ake horar da 'yan leƙen asiri. Ya kuma koyar a jami'ar Kenkoku da ke Manchuriya, yankin da Japan ta ƙwace daga China. Cikin abokan huldarsa akwai masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa. Mutumin da ake tunawa da shi a yau a matsayin mai kiran zaman lafiya ya shafe shekaru yana horar da masu zuwa yaƙi.

A Disamban 1935 gwamnati ta murƙushe addinin Omoto, ta rushe cibiyoyinsa, ta ɗaure Deguchi. Ueshiba ya tsira ne albarkacin ɗalibansa da ke riƙe da manyan muƙamai a aikin ɗan sanda.

Komawa gona

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya ajiye duk waɗannan ayyuka. Ya bar zauren Tokyo a hannun ɗansa Kisshomaru, ya tafi da matarsa ƙauyen Iwama a lardin Ibaraki, inda ya sayi fili. A wannan shekarar ce aka fara kiran wasan da sunan Aikido a hukumance.

A Iwama ya koma riƙe fartanya. Da safe horo, da rana gona. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, sojojin mamaya na Amurka suka hana koyar da wasannin faɗa, zauren Tokyo kuma ya zama matsugunin iyalan da ruwan bama-bamai ya raba da gidajensu. A ƙauyen kuwa aka ci gaba da horo ba tare da hayaniya ba. Wani matashi ma'aikacin jirgin ƙasa, Morihiro Saito, ya shigo a 1946, ya zauna tare da shi fiye da shekara 20.

A 1948 gwamnati ta amince da ƙungiyar Aikikai. Daga nan ɗalibai suka bazu. Mochizuki ya je Faransa a 1951, Koichi Tohei ya je Hawaii a 1953, Yoshimitsu Yamada kuma ya isa New York a 1964.

Yadda ake faɗuwa

A Aikido mutum biyu ke aiki tare, ɗaya ya kawo hari ɗaya ya karɓa, sannan su yi musanya. Wanda aka kawo wa hari ba ya tare ƙarfi da ƙarfi. Ko dai ya kutsa gefen maharin, ko ya juya kamar ƙyauren ƙofa ya bar ƙarfin ya wuce, sannan ya ƙara masa ɗan kaɗan a inda ya riga ya nufa. Mai turowa da dukkan ƙarfinsa shi ke kayar da kansa.

Wannan na nufin kowane ɗalibi zai sha ƙasa sau da dama a kowane zama. Shi ya sa darasin farko shi ne faɗuwa, wadda suke kira ukemi. Ba Ueshiba ne ya ƙirƙiro ta ba, domin tana cikin Judo da tsofaffin salon faɗa na Japan, amma a makarantarsa ta zama mirgina mai laushi wadda ke mayar da mutum kan ƙafafunsa.

Ɗabi'ar ɗan Adam ce idan zai faɗi ya miƙa tafin hannu ya dafa ƙasa. Nan ne nauyin jiki duka ke sauka a wuri ɗaya, wuyan hannu ko ƙashin kafaɗa ya karye. Ɗalibin Aikido kuwa ana koya masa ya manne haɓa da ƙirji don kare kai, ya lanƙwasa hannu kamar baka, ya bar jiki ya mirgina daga kafaɗa ɗaya, ya ratsa baya, zuwa ƙugu na ɗaya gefen. Ta haka ƙarfin faɗuwar ke rarrabuwa a kan tsoka maimakon ya taru a kan ƙashi guda. Ana farawa daga durƙushe a kan tabarma mai taushi, a gaban malami, kafin a kai ga yi daga tsaye.

Ueshiba bai yarda a yi gasa a wasansa ba. Babu kofi, babu zakara. Da ɗalibinsa Kenji Tomiki ya shigo da gasa a jami'ar Waseda, sai ya zama reshe dabam. Wannan rashin gasa shi ne kuma abin da masu suka ke kamawa har gobe, suna cewa dabarar da ba a gwada ta a kan mai turjiya da gaske ba, ba za a san ingancinta ba.

Rasuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe ya zama dattijo mai farin gemu wanda ɗalibai ke kira O-Sensei, wato Babban Malami. Gwamnatin Japan ta ba shi lambobin yabo a 1960 da 1964, kuma a 1961 ya ziyarci Hawaii. Ya ci gaba da shiga zaure har 'yan makonni kafin ajalinsa.

Ya rasu ranar 26 ga Afrilun 1969 sakamakon cutar dajin hanta, yana da shekara 85. Wata biyu cif bayan haka matarsa Hatsu ta bi shi.

Daga zauren faɗa zuwa filin rawa

Cikin waɗanda suka koyi Aikido a New York a shekarun 1960 akwai wani ɗan rawa mai suna Steve Paxton. An haife shi a 1939 a jihar Arizona, ya fara da wasan tsalle-tsalle, sannan ya yi rawa a ƙungiyar Merce Cunningham daga 1961 zuwa 1964. A rawar dandamali ta Turawa, kamar a kokawa, faɗuwa abin kunya ce. Paxton ya ga cewa wanda ya iya faɗuwa ba ya tsoronta, kuma wanda ba ya tsoro zai iya sakin nauyinsa a kan wani.

A Janairun 1972, a kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio, ya haɗa ɗalibai maza 11 a kan katifun wasa. Suka riƙa karo da juna, suna faɗuwa, suna mirginawa, daga ƙarshe suka tsaya cik na 'yan mintuna. Ya sa wa wasan suna Magnesium. A watan Yunin shekarar ya tara wasu matasa, maza da mata, suka nuna abin a wani zauren baje zane-zane na John Weber a New York. Sunan da ya ba shi da Turanci shi ne Contact Improvisation. A Hausance za a iya kiransa rawar jingina, domin mutum biyu ne ke jingina da juna suna motsi ba tare da an tsara takun tun farko ba.

Ɗalibin wannan rawa ba da taku yake farawa ba. Tsayuwa ake fara koya masa, ya tsaya shiru ya lura da 'yan ƙananan motsin da jiki ke yi don kada ya faɗi. Daga nan sai mirgina a ƙasa irin ta Aikido. Sannan a haɗa shi baya da baya da abokin aiki, kowa ya saki wani ɓangare na nauyinsa a kan ɗan'uwansa, su bar wurin da jikinsu ya haɗu ya riƙa gangarawa daga baya zuwa kafaɗa zuwa ƙugu.

Babu mai ja, babu mai bi. Idan za a ɗaga mutum, ba da ƙarfin damtse ake yi ba. Mai ɗagawa yana shigar da ƙugunsa ƙarƙashin na abokinsa, ƙashi ya ɗauki nauyin, kamar yadda mai tallar ruwa ke ɗaukar tulu a ka da daidaiton wuya da baya. Shi ya sa ƙaramin mutum ke iya ɗaukar wanda ya fi shi girma. Ƙa'idar kare kai kuwa ita ce kada ka riƙe ƙafafu ko hannayen abokinka gam, domin da su zai sauka idan abu ya ƙwace.

Wata ɗaliba da ta kalli wasan Oberlin, Nancy Stark Smith, ta zama ɗaya daga cikin manyan malaman salon. A 1975 ita da abokanta suka fara fitar da wata 'yar mujalla da ta zama Contact Quarterly. Sun kuma yanke shawarar ba za su mallake sunan rawar ba, kowa ya koya ya koyar. A 1986 Paxton da Anne Kilcoyne suka fara aiki da makafi a Ingila, tun da rawa ce da fata ke jagoranta ba ido ba. Smith ta rasu a 2020, Paxton kuma a Fabrairun 2024, shi ma yana da shekara 85.

Abin da ya shafe mu

Yadda ake wannan rawa a ƙasashen Turawa, maza da mata a cakuɗe, bai dace da addini da al'adar mutanenmu ba. Amma ilimin da ke ƙarƙashinta ba baƙo ba ne a nan. Ɗan kokawar da ya sa kafaɗa a ƙirjin abokin karawarsa yana sauraren inda nauyinsa ya karkata, abin da ɗalibin Paxton ke koyo shi yake yi. Bambancin shi ne ɗaya na neman ya kayar, ɗaya na neman kada kowa ya ji ciwo.

Abin da ba a cika koya wa yaranmu ba shi ne ɗaya rabin, wato yadda ake sauka. Ɗan kabu-kabu a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, da yaron da ke hawa mangwaro, da tsohon da santsi ya kwasa a bakin rijiya, duk hannu suke miƙawa su dafa ƙasa. Masu koyar da Judo da malaman wasanni a makarantu suna da wannan darasi a hannunsu, kuma bai buƙatar komai sai fili mai taushi da malamin da ya san aikinsa. Ba ya hana haɗari, amma yana iya rage masu jiran layi a ƙofar masu ɗori.

Kisshomaru ya jagoranci Aikikai har ya rasu a 1999, sannan ɗansa Moriteru ya karɓa. Kabarin Ueshiba na garinsu Tanabe. A Iwama kuwa, kowace ranar 29 ga Afrilu ɗalibai daga ƙasashe daban-daban kan taru don tunawa da shi, kusa da filin da ya noma.